Adaka, Mai Baki Biyu da Libarba: Wace Bindiga Ce Abar Amincewa a Ƙasar Daura?

Ranar hawan Sallah a Daura, kunne ke riga ido sanin Sarki ya fito. Ana cikin jin tambari da kakaki sai 'yan bindigar fada su saki wuta a jere, ƙasa ta amsa, farin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar fada, warin albarushi ya cika hanci. Mata su rangaɗa guɗa, yara su toshe kunnuwa suna tsalle. Dokin da ya saba ko gezau ba ya yi, baƙon doki kuwa sai mahayinsa ya yi da gaske kafin ya shawo kansa. Babu mai gudu, babu mai neman maɓoya. A Jihar Katsina ta yau, inda ƙarar bindiga ke raba mutum da barcinsa da gonarsa, wannan ce irin ƙarar da jama'a ke caɓa ado su yi tururuwa zuwa wurinta.

Sai ga wata sabuwar hira ta shigo majalisun samari. A teburin mai shayi za ka tarar an kewaye waya ana kallon Turawa suna gwada ƙananan bindigogi a filin harbi, musu ya kaure: Glock ce gaba ko Beretta? Libarba ta fi aminci ko mai gidan harsashi? Masu irin wannan gwaji abu uku suke aunawa. Na farko aminci, wato in an ja kunama ta tashi, kuma kada ta ci mai ita. Na biyu daɗin hannu: nauyinta, riƙonta, da ƙarfin shurin da take yi in ta tashi. Na uku daɗinta wajen harbin nishaɗi. Ma'aunan nan ba su da laifi. Abin da ya dace shi ne a ɗora su a kan bindigogin da ƙasar Daura ta sani, tun daga adakar fada har zuwa 'yar ƙaramar da ake sokewa a ƙugu, a ga abin da za su nuna.

Daga wuƙar Gaya zuwa igwar Damagaram

Labarin Daura da makami daga maƙera ya faro. Masu tarihi sun ce sai da Bayajidda ya biya ta Gaya aka ƙera masa wuƙa, sannan ya iso ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. An daɗe bayan haka yaƙin ƙasar Hausa bai wuce na doki da takobi da mashi da baka ba. Bindiga baƙuwa ce, ta hanya biyu ta zo: ta hamada daga Tarabulus, da kuma ta kudu daga bakin teku, inda fataken Turai ke sauke ta. Borno ta riga mu gani, domin tun ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alooma yake da 'yan bindiga Turkawa a rundunarsa. A Kano kuwa, littafin tarihin sarakunanta ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, tsakanin 1731 da 1743, aka fara kawo bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne Sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Ke nan tun shigowarta bindiga kayan fada ce: tana hannun mutanen da aka sani, suna da shugaba, shugaban yana da wanda yake yi wa bayani.

Ƙasar Daura ta ɗanɗana ƙarfin bindiga ne daga arewa. Bayan da mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka karɓi birnin wajen 1805, Sarkin Daura na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita, zuriyarsa suka kafa sarauta a Zango, wani reshe kuma ya zauna a Baure. Garuruwan biyu sun rayu a inuwar Damagaram, wadda Sarkinta Tanimu, da ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi, har ana haɗa albarushi ana zuba igwa a cikin birninsa. Amma kafin sarakunanmu su kai ga bindigar zamani, Turawa sun toshe hanya. Yarjejeniyar da suka ƙulla a Brussels a 1890 ta hana a sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigogi masu inganci, aka bar musu tsofaffi masu ƙyastu da albarushin kasuwa. Da haka Faransa ta ci Damagaram a 1899, Ingila ta ci Kano a Fabrairun 1903 da igwa da bindiga mai ruwa. Bayan an maido Malam Musa na Zango kan gadon Daura, yaƙi tsakanin masarautu ya ƙare, bindigar fada ta koma ta biki: hawan Sallah, hawan Magajiya, Sallar Gani, naɗin sarauta da tarbar babban baƙo.

Adaka a hannun mai ita

Ka matsa kusa da ɗan bindigar fada kafin Sarki ya fito. Bindigar doguwa ce, in ya kafa gindinta a ƙasa bakinta na iya kai masa ƙirji. Ƙotar itace ce da ta sha hannu har ta yi sheƙi, an naɗe inda ta tsage da fata ko waya, wata ma da laya a ɗaure. Zai zazzago albarushi a tafin hannu, ya auna da ido, ya ɗura ta baki, ya bi da tsumma, ya zaro sandar ƙarfe ya daddaka. Ba a sa dalma, domin ƙara da hayaƙi kawai ake nema. In lokaci ya yi, ba ya manna ta a kafaɗa irin na soja. Yakan miƙa ta nesa da fuska, ya kau da kai gefe, sannan ya ja kunama. Wannan kau da kai shaida ce babba: babu wanda ya kai mai adaka sanin halinta.

Ta fuskar aminci, adaka, wadda wasu ke kira bindigar toka, tana da rauni uku. Albarushi ba ya shiri da laima, shi ya sa in Sallah ta faɗo cikin damina za ka ji wasu bindigogin sun yi ƙyas sun yi shiru. Wani lokaci kuma wutar ba ta mutu ba, jinkiri ta yi. Mai gaggawa ya juyo da baki don ya duba, sai ta tashi. Na uku shi ne bututun kansa. Maƙera da yawa da bututun famfo suke amfani, ƙarfen da ba don wuta aka yi shi ba. Tokar albarushi tana jawo tsatsa daga ciki inda ido ba ya gani, ga kuma mai son a ce tasa ta fi ta kowa amo yana ninka ɗuri. Ranar da ƙarfen ya gaji sai ya fashe a hannu. Duk wanda ya zauna da tsofaffin maharba ya ga mai guntayen yatsu ko mai tabon ƙuna a kunci.

Wajen daɗin hannu ma ba za a yabe ta ba. Tana da nauyi, tana da tsawo, shurinta kuma ya danganta da yawan abin da aka ɗura mata, don haka na yau daban na gobe daban. Amma tana da nata alherin da ba a cika ambata ba. Kuɗinta bai fi ƙarfin talaka ba, maƙerin gari yana iya gyara ta, ba ta ɓoyuwa a cikin riga, kuma harbi ɗaya take yi sai an sake zaman ɗuri. Tsakanin harbin farko da na biyu akwai lokacin da zuciya za ta huce, ko wani babba ya riƙe hannun mai fushi.

Bindigar mafarauta

Da kaka ta wuce, an kwashe amfanin gona, sai gangar farauta ta fara tashi a ƙauyukan Sandamu da Zango da Baure da Mai'aduwa. Yawancin masu fita da karnuka da gora da adda suke tafiya. Masu bindiga tsiraru ne, kuma su ake yi wa kallon manya. Naman ma ya ja baya ƙwarai, domin gonaki sun cinye daji: abin da aka fi samu bai wuce zomo da kurege da fakara da zabon daji ba.

A nan ne bindigar farauta ta kamfani, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, ta yi wa sauran fintinkau. Karya ta ake yi a tsakiya a sa harsashi mai kwanso, wanda laima ba ta cika shiga ba. Kayan cikinta kaɗan ne, ƙarfenta an gwada shi kafin ya bar masana'anta, kuma in an karya ta kowa yana gani da idonsa cewa ba za ta tashi ba. Tana zama daidai a kafaɗa, tana watsa ƙananan dalma da suka dace da tsuntsu da ƙaramin nama. In aminci da daɗin hannu ake nema a daji, ita ce kan gaba. Matsalarta tsada, da wuyar samun harsashi ta halastacciyar hanya, da wuyar lasisi. Wannan giɓi ne ya sa wasu maƙera ke kwaikwayonta, suna yin harba-ruga mai cin harsashin kamfani a cikin bututun da bai kai ƙarfin harsashin ba. Irin wannan ta fi adaka haɗari, domin albarushin zamani ya fi na gargajiya matsa wa ƙarfe nesa ba kusa ba.

Ƙananan bindigogi: libarba da mai gidan harsashi

Gida biyu ne. Libarba, wadda Samuel Colt na Amurka ya yi wa rajista a 1836, tana da ganga mai juyawa da ke ɗaukar harsashi biyar ko shida. Ita ce irin Webley da hafsoshin Ingila suka shigo ƙasar nan da ita a ƙugu. Ƙarfinta sauƙin aiki: in harsashi ɗaya ya ƙi tashi, sake jan kunama zai juyo da na gaba. Tana jure dogon ajiya. Rauninta kuwa, kunamarta na da tauri, harsashinta kaɗan ne, sake cika ta yana cin lokaci, kuma duk shurin a tafin hannu yake sauka.

Gida na biyu su ne masu ɗaukar harsashi a cikin mariƙi, suna ɗora wa kansu sabo bayan kowane harbi. Cikinsu akwai Colt 1911 ta John Browning, wadda sojan Amurka ya riƙe daga 1911 har 1985 kafin ya koma Beretta ta Italiya. Akwai Browning Hi-Power ta 1935 mai cin 13. Sai Glock 17 da ta fito daga Ostiriya a farkon shekarun 1980, mai gangar jiki ta roba, mai cin 17. Waɗannan sun fi lafewa a hannu, sun fi saurin cikawa, kuma motsin saman bindigar yana rage kaifin shuri. Sai dai suna da zaɓen harsashi, suna son shara da mai a kai a kai. Ƙurar hunturu irin tamu, in ta haɗu da mai ta yi kauri, tana iya sa su cije. Akwai kuma ƙa'idar da ba ta canzawa: bindiga mai nauyi ta fi sauƙin shuri amma ta fi gajiyar da mai ɗauka, marar nauyi ta fi daɗin ɗauka amma ta fi dukan hannu. Shi ya sa masu harbin nishaɗi a ƙasashen da aka yarda da shi suka fi son ƙaramin harsashi mai lamba .22, ga araha ga taushi.

Akwai ta uku da babu mai tallata ta a bidiyo, alhali ita ce ta fi kusa da mu: ƙaramar bindiga ƙirar gida, irin wadda 'yan sanda ke bajewa a tebur in sun yi holin masu laifi. Guntun bututu ne da ƙusa da waya. Ba ta da saiti, ba ta da makulli, takan tashi a aljihun mai ita. Ta faɗi a duka ma'auni uku, kuma babu wani aikin alheri da aka san ta da shi.

Abin da doka ta ce

Duk wannan kwatance, ga farar hula a Nijeriya, iyakarsa sani. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Gidan farko na haramtattu ne, waɗanda ba a riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma a nan aka sa libarba da duk wata ƙaramar bindiga, har da mai ƙyastu, a jeri ɗaya da bindigogin soja da igwa. Gida na biyu ya ƙunshi bindigar farauta da bindigar iska, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Gida na uku na masu ɗuri ta baki ne irin adaka, al'amarinsu na hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Ƙira da gyara ma sai da izini. Wanda aka kama da haramtacciya yana fuskantar ɗaurin shekara goma. A 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta bayyana cewa ta dakatar da bayar da sababbin lasisi.

Hikimar tsananta wa ƙaramar bindiga a fili take. Doguwa tana sanar da kanta tun daga nesa, ƙarama kuwa sai ta fito ake sanin tana nan.

Tsoron da ke sa a nemi bindiga

Ba sha'awa kaɗai ke kawo hirar bindiga ba. Mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari sun ga abin da baki ba zai iya faɗa ba a hannun ɓarayin daji. Daura ta fi su samun sauƙi, amma ita ma ba ta tsira ba: ranar 1 ga Mayu, 2019 aka sace Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa, sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. Ga iyaka da Nijar ta Kwangwalam da Babban Mutum, ga makaman da suka bazu a yankin Sahel tun rushewar gwamnatin Libiya a 2011. Cibiyar Small Arms Survey ta Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan 6 a hannun fararen hula a Nijeriya. Har ta kai Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, a 2021 ya yi kira ga jama'a su nemi makamai su kare kansu.

Wanda aka kashe wa ɗa ba a yi masa wa'azin haƙuri da sauƙi. Duk da haka gaskiya ɗaya ce: ƙaramar bindiga ba ta tare ayarin babura masu AK-47. Amfaninta bai wuce 'yan taku kaɗan ba. Inda take ƙarewa shi ne rikicin gona, faɗan siyasa, ƙwacen waya a hannun ƙauraye, ko hannun yaron da ya ɗaga matashin kai ya tsince ta. Da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, tsohuwar dabarar fada ta koma wa: a zaɓi mutane sanannu, a horar da su, a rubuta sunan kowa da makaminsa, a ɗora musu shugaba.

Su ma mafarauta suna buƙatar irin wannan inuwa. A ƙarshen Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyar komawa Kano yin Sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motar da suka hau. Babu uzurin da zai wanke wannan ta'asa. Amma ta nuna yadda zamani ya juya: bindigar da a gida alamar sana'a ce, a wani wuri ta zama dalilin zargi. Mafaraucin yau yana buƙatar ƙungiya mai rajista da shaidar da kowace hukuma za ta gane.

Harbin nishaɗi yana da hanyarsa

Son gwada saiti ba laifi ba ne. Yaron da ya taso da danƙo yana harbin gwangwani ya san daɗinsa, kuma sarautar Sarkin Baka shaida ce cewa Hausawa sun daɗe suna girmama gwanin harbi. Harbi yana cikin wasannin Olamfik tun 1896. A gasar ƙaramar bindigar iska, daga nisan mita 10 ake harbi, ƙwayar dalmar milimita 4.5 ce, da'irar tsakiya mai maki goma kuwa faɗinta milimita 11.5 kacal. Babu albarushi, babu ƙara mai kashe kunne. Natsuwa ce da riƙe numfashi. A irin wannan gasa ce Yusuf Dikeç na Turkiyya ya ci azurfa a Faris a 2024, duniya ta yi ta maganarsa. Daura gari ne mai manyan makarantu da barikin soja. Ƙungiyar harbin bindigar iska mai lasisi, a fili killatacce, ƙarƙashin malamin da ya san aikin, ba ta fi ƙarfinta ba. Haka ma gasar baka da kibiya a lokacin Sallar Gani.

Ta ɓangaren bikin gargajiya kuma akwai abin koyi a Maroko. Wasansu na Tbourida, inda mahaya ke sukuwa a jere su saki bindigogin albarushi lokaci guda, yana da hukumar da ke tsara shi da gasar ƙasa, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2021, shekara uku kafin ta karɓi hawan Sallar Kano a 2024. Ingila ma, wadda Birmingham ɗinta ta cika Afirka da bindigogin fatauci, tun 1813 ta kafa gidan gwajin bututu a wannan birni, don kada a sayar da bindigar da za ta fashe a hannun mai ita.

Aikin da ke gaban masarauta

Masarautar Daura, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar da ke kan gado tun 2007, tana da abin da 'yan sanda ba su da shi: hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane maharbi da kowane maƙeri da sunansa da na ubansa. Da wannan sani za a iya buɗe littafi a ƙananan hukumomi biyar na masarautar, a rubuta kowace adaka da mai ita, a buga mata lamba, tare da haɗin gwiwar rundunar 'yan sandan jiha. A zaɓi maƙeran da aka amince da su a nema musu izinin da doka ta tanada, a haɗa su da masana ƙarfe na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke garin, domin a riƙa duba bututu kafin kowane hawa. A ƙayyade ma'aunin albarushi, a hana sa dalma ranar biki, a ware wa 'yan bindiga fili nesa da yara, a ba su abin toshe kunne, a yi tanadin magani ga wanda tsautsayi ya faɗa wa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin na watannin da babu hawa ne.

In aka tattara ma'aunan uku, mai baki biyu ta fi aminci a daji, bindigar iska ta fi dacewa da wasa, adaka ta fi kowace armashi a biki muddin an duba lafiyarta, ƙaramar bindiga kuwa ta jami'in da aka horar aka ɗora wa alhakinta ce. Akwai ma'auni na huɗu da masu bidiyo ba sa ambata, kuma shi ne kakanninmu suka fara dubawa tun zamanin Babba Zaki: wa ke riƙe da ita, wa ya san yana riƙe da ita, kuma gaban wa zai tsaya in ta yi ɓarna. Bindigar da ba ta da amsar waɗannan tambayoyi, ko daga wace masana'anta ta fito, ba abar amincewa ba ce.